Rediyon dijital a arewacin Kamaru: wa zai biya kuɗin motar idan ba ta cika ba?

A ƙarshen kowane wata takardu uku ne ke hana shugaban ƙaramar tashar rediyo barci, ko a Garwa yake, ko a Marwa, ko a Ngaundere: takardar kuɗin wutar lantarki, rasidin man janareto, da jerin sunayen ma'aikatan da ke jiran ɗan abin da za su kai gida. Saboda haka ba abin mamaki ba ne idan irin wannan shugaba ya gyara zama a duk lokacin da aka ce masa akwai sabuwar hanyar watsa shirye-shirye, wato rediyon dijital, wadda za ta rage masa kuɗin wuta ninkin ba ninki, ta kuma fitar da muryar tasharsa garau ba tare da ƙara ko shuu ba. Maganar ba ƙarya ba ce, domin akwai ƙasashen da suka gwada kuma suka ga ragin da idonsu. Sai dai ragin yana da sharuɗɗa, masu tallata fasahar kuwa ba su cika tsayawa a kan sharuɗɗan ba, alhali a cikinsu ne za a gane ko abin zai ciyar da tasha a yankinmu ko kuwa zai cinye ta.

Kafin a shiga lissafi ya kamata a raba abubuwa uku da ake cakuɗawa a ƙarƙashin kalmar dijital. Na farko shi ne aikin cikin ɗakin shirye-shirye, inda kwamfuta ta maye gurbin kaset da faifai, kuma wannan tuni kusan kowace tasha ta yi shi ba tare da wani biki ba. Na biyu shi ne saka shirye-shirye a intanet domin a saurara ta waya. Na uku, wanda shi ne ainihin abin da ake nufi a nan, shi ne sauya yadda muryar ke tashi daga kan dogon ƙarfe ta bi iska ta isa akwatin mai sauraro, ta yadda za a mayar da ita lambobi kafin a watsa, akwatin kuma ya warware lambobin ya mayar da su murya. Wannan na ukun ne ke buƙatar sabuwar na'urar watsawa a wajen tasha da sabon akwati a wajen mai sauraro, kuma a nan kuɗin yake.

A tsarin FM da muka saba da shi, kowace tasha tana da zangonta a tsakanin megahaz 87.5 da 108, tana da na'urar watsawa tata, da eriyarta, da ƙarfen da aka ɗora eriyar a kai, da janaretonta. Kowa da babur ɗinsa ke nan, kowa ya sha mansa, kowa ya ji da facinsa. Tsarin DAB, wanda ya fito daga wani aikin haɗin gwiwa na ƙasashen Turai da ake kira Eureka 147, aka kuma fara watsa shirye-shirye da shi a Norway da Ingila a 1995, ya zo da wata dabara dabam. Maimakon babura da yawa, mota ɗaya ce babba. Ana tattara muryoyin tashoshi a ɗaure su dami guda, a ɗora damin a kan na'urar watsawa ɗaya da eriya ɗaya a zangon da ke tsakanin megahaz 174 da 240. Sabon samfurinsa na DAB+, wanda aka fitar a 2007, ya fi iya matse murya, har dami ɗaya yakan ɗauki tashoshi kamar 18. Akwai kuma tsarin Amurka mai suna HD Radio, wanda ke liƙa dijital a gefen zangon FM ɗin tasha, amma shi mallakar kamfani ne, ana biyan kuɗin lasisinsa, kuma bai yi wani nisa ba a wajen Arewacin Amurka, don haka ba za mu ɓata lokaci a kansa ba.

To daga ina ragin kuɗin yake fitowa? Ba daga wani sihiri na na'urar ba ne. Hasali ma, idan aka ɗauki na'urar DAB ɗaya aka ajiye ta kusa da ta FM ta zamani mai ƙarfi iri ɗaya, ta DAB ɗin ta fi ɓarnar wuta, domin irin siginar da take fitarwa tana tilasta mata yin aiki ƙasa da iyakar ƙarfinta, wani kaso mai yawa na wutar da ta sha kuma ya tafi a zafi. Ragin yana zuwa ne daga rabon kuɗin mota tsakanin fasinjoji. Norway ce misalin da kowa ke kawowa. Ƙasa ce mai tsawo, mai duwatsu da kwazazzabai, wadda sai an kafa na'urori masu ɗimbin yawa kafin a kai wa kowa murya, kuma kowace tashar ƙasa sai ta yi nata jerin na'urorin daga kudu har arewa. Gwamnatin ƙasar ta ce kuɗin watsa tashoshin ƙasa ta FM ya ninka na DAB sau takwas, ta kuma ƙiyasta cewa za a riƙa tsimin kimanin kurona, kuɗin ƙasar, miliyan 200 a shekara. A 2017 aka bi lardi lardi ana kashe FM na tashoshin ƙasa, daga Janairu zuwa Disamba. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne, ko a Norway ɗin an bar ƙananan tashoshin gari a kan FM, kuma a lokacin da aka fara kashewar akwai motoci kusan miliyan biyu da ba su da akwatin da zai kama sabon tsarin, masu su ne kuma suka sa hannu a aljihu.

Yanzu a dawo da lissafin gida. A ɗauka, don misali kawai, cewa gudanar da dami ɗaya a wani gari, da hayar ƙarfe, da wuta, da mai, da albashin injiniya, da abin da ake warewa domin gyara, zai ci sefa miliyan 30 a shekara. Idan tashoshi 15 suka hau, kowace za ta biya miliyan biyu, wanda zai iya zama sauƙi a kan abin da take kashewa ita kaɗai. Idan biyar ne suka hau, kowace miliyan shida. Idan uku ne, miliyan goma. Kuɗin motar ba ya raguwa don kujeru sun zama wayam, direba zai sha mai iri ɗaya daga Garwa zuwa Marwa ko da fasinja uku ya ɗauka, kuma duk wanda ya taɓa ƙosawa a tasha ya ce a tashi zai biya kuɗin sauran kujerun ya san abin da ake kira shata. A garuruwa irin su Mokolo, Mora, Gidar, Yagwa ko Tibati, ana ƙirga tashoshin gari da yatsun hannu ɗaya. Ko a manyan biranen uku, sai an haɗa da tashoshin gwamnati da na addini da masu karɓo shirye-shiryen waje kafin a fara maganar cika dami, sannan a tambayi nawa ne daga cikinsu za su iya biyan haya wata bayan wata ba tare da bashi ya taru ba.

Akwai kuma wani dalili da ya tura Turawa ga wannan tsari wanda mu ba mu da shi. A Landan ko Paris zangon FM ya cika maƙil, mai son buɗe sabuwar tasha ba shi da inda zai tsaya, saboda haka dami mai kujeru 18 ya zama buɗe sabuwar kasuwa. Wanda ya murɗa akwatinsa a Marwa daga farkon zango zuwa ƙarshensa zai ji fili ya fi murya yawa. Ba wurin tsayawa ne ya yi mana ƙaranci ba, kuɗin tsayuwar ne.

Sannan sai batun biyan kuɗi biyu, wanda a ganina shi ne ramin da ya fi kowane zurfi. Babu tashar da za ta kashe FM ɗinta ranar da ta hau dijital, domin a ranar ba ta da mai sauraro ko ɗaya a sabon wurin. Dole ta ci gaba da watsawa ta hanyoyin biyu har sai yawancin jama'a sun sayi sabon akwati, ma'ana duk abin da take kashewa a yau yana nan daram, an kuma ɗora mata hayar dami a kai. Ragin da aka yi mata alkawari ba zai fara ba sai ranar da aka kashe tsohuwar na'urar. Yaushe ne wannan ranar? Ingila ta fara a 1995, kuma a 2021 gwamnatinta ta ce FM zai ci gaba aƙalla har 2030, wato shekara 35 ana ciyar da doki biyu domin hawan ɗaya. Gidan rediyon gwamnatin Suwizalan bai kashe nasa FM ba sai a ƙarshen 2024. Wasu kuwa sun gaji sun sauka daga motar tun kafin a isa: Finlan ta rufe DAB a 2005, Singafo a 2011, Hong Kong a 2017, gidan rediyon gwamnatin Ireland kuma a 2021. Waɗannan duka wurare ne masu arziki, masu wutar da ba ta ƙiftawa. Tashar da ke tattara kuɗin sanarwar suna da ɗaurin aure kafin ta sayi man gobe ba ta da numfashin da za ta yi irin wannan jira.

Abin da ke ƙayyade tsawon jiran shi ne akwatin mai sauraro, kuma a nan ya kamata a tsaya a duba da kyau yadda mutanenmu ke jin rediyo a zahiri. Tela a bakin kasuwa, mai shayi, mai gadi da dare, manomin auduga a gonarsa, makiyayi a bayan shanunsa, matar aure a tsakar gida tana tankaɗe, yawancinsu ɗaya daga cikin abu biyu suke amfani da shi. Ko dai ƙaramin akwati ɗan Sin mai tocila da wurin saka katin waƙoƙi, wanda wani lokaci har da ɗan faifan hasken rana a bayansa, ko kuma ƙaramar waya mai madannai irin su Itel da Tecno, wadda ke ɗauke da FM a cikinta kyauta, ba ta cin kati, ba ta neman intanet, ba ta ma damu da ko akwai layi a wurin ba. Wannan ƙaramar waya ita ce babbar garkuwar FM a Afirka, kuma ba wanda ya tsara hakan, kamfanoni ne suka ga cewa ƙara FM a waya ba ya cin komai kuma yana jawo mai saye. DAB bai samu wannan gata ba. Kamfanin LG ya fitar da wata waya mai kama DAB+ a 2016, sauran manyan kamfanoni ba su bi sahu ba, maganar kuma ta mutu a nan. A Turai mota ce ta ɗauki nauyin yaɗa sabon akwatin, musamman bayan da dokar Tarayyar Turai ta wajabta cewa daga Disamba 2020 duk sabuwar motar da aka sayar da rediyo a cikinta sai ya zama mai kama dijital. Motocin nan za su iso mu, amma sai sun tsufa a can an sauke su a Duwala ko Kwatano, kuma ko sun iso, mutum nawa ne a Garwa ke jin rediyo a cikin mota, a garin da babur ne abin hawan kowa? Ƙari a kan haka, akwatin dijital ya fi na FM cin batir, domin yana ɗauke da ƙaramar kwamfuta da ke aikin warware lambobi ba hutawa, wannan kuwa ba ƙaramin abu ba ne ga wanda ke biyan kuɗi kafin a yi masa cajin waya.

Afirka ta taɓa ganin wannan darasi. Wani ɗan kasuwa haifaffen Habasha, Noah Samara, ya kafa kamfanin WorldSpace, aka harba masa tauraron ɗan'adam mai suna AfriStar a 1998, da burin zubo rediyon dijital daga sama a kan nahiyar baki ɗaya. Tauraron ya yi aikinsa, muryar ta sauko tas. Akwatunan ne suka fi ƙarfin talakan da aka ce don shi aka yi abin, daga baya kuma aka ƙara da kuɗin wata, kamfanin ya durƙushe a 2008.

Sai a juya ga inda kuɗin tasha ke shigowa. Manyan masu talla suna Duwala da Yawunde, kuma abin da ke gangarowa arewa daga kasafinsu kaɗan ne. Tashar gari tana rayuwa ne da sanarwar rasuwa da cigiya da gaisuwa, da tallan masu maganin gargajiya, da filin da malamai da majami'u ke saya, da kwangilar wayar da kai da ƙungiyoyin agaji ke bayarwa a kan rigakafi ko kwalara ko karatun yara mata, sai kuma ɗan abin da lokacin zaɓe ke kawowa. Duk waɗannan kunne suke saya. Wanda ya biya a yi sanarwar rasuwar mahaifinsa so yake dangi na ƙauye su ji kafin azahar, bai damu da ko muryar ta fito kamar ta faifai ba. Jami'in ƙungiyar agaji kuma tambayarsa ɗaya ce, ƙauye nawa kuke kaiwa. Babu ko ɗaya daga cikinsu da zai ƙara sisi don tasha ta hau dami. CRTV, gidan rediyo da talabijin na gwamnatin Kamaru, tana da harajin da ake cira daga albashin ma'aikata domin ta, saboda haka ita tana iya jure gwaji. Masu zaman kansu kuwa, tun dokar 3 ga Afrilu 2000 da ta buɗe musu ƙofa, kuɗin lasisi ya zame musu dutse, har ba a ba da lasisin farko ba sai a 2007, kuma da yawansu sun daɗe suna aiki a ƙarƙashin abin da ake kira da Faransanci tolérance administrative, wato hukuma ta san da kai, ta kawar da kai, amma ba ta ba ka takarda ba. Da wuya banki ya ba mai irin wannan matsayi bashin sayen na'ura, da wuya kuma shi kansa ya sa hannu a yarjejeniyar hayar shekara biyar.

Batun wuta shi ne inda masu goyon bayan dijital suka fi samun abin faɗa, kuma ya kamata a ba su haƙƙinsu. Lardunan arewa uku sun daɗe suna dogara da madatsar Lagdo da ke kan Binuwai, mai ƙarfin megawat 72 idan ruwa ya cika, wanda ba kullum yake cika ba, kuma ko da aka ƙara tashoshin hasken rana na Marwa da Gidar, ba a daina jin ƙugin janareto a lokacin zafi ba. Litar gazuwal da ake saya sefa 575 ta koma 720 a Fabrairun 2023, ta koma 828 a Fabrairun 2024, man zuwa-zuwa, wato na fasa-ƙwauri, da ke shigowa daga Najeriya shi ma ya daina zama mafaka tun da aka cire tallafi a can a Mayun 2023. Tashar da janaretonta ke shan lita biyu a awa, idan aka ɗauke wuta awa shida, ta ƙone kusan sefa dubu goma a yini ɗaya. Babu shakka wuri ɗaya mai kyakkyawan faifan hasken rana da batura da injiniya guda ya fi janareto goma da ke tari a unguwanni goma. Amma abu biyu ne za a lura da su. Na ɗaya, na'urar watsawa wani yanki ne kawai na wutar da tasha ke sha. Na'urar FM ta zamani mai kilowat ɗaya ba ta cika wuce kilowat ɗaya da rabi ba a abin da take ja, sauran kuwa na'urar sanyaya ɗaki ce da kwamfutoci da fitilu, waɗanda suna nan ko an hau dami ko ba a hau ba, ga kuma sabon kuɗin hanyar da za ta kai murya daga ɗakin shirye-shirye zuwa inda damin yake. Na biyu, wannan haɗin kai ba sai da dijital ake yinsa ba. Tashoshin FM huɗu ko biyar suna iya haɗa na'urorinsu a ɗaki ɗaya, su hau ƙarfe ɗaya, har su yi amfani da eriya ɗaya ta hanyar wata na'ura mai haɗa siginoni, su raba kuɗin wuta da na gadi, ba tare da an ce wa mai sauraro ko ɗaya ya sauya akwati ba. Da sabon gini gara yaɓe, in ji Hausawa. Abin da ya hana a yi haka har yau ba fasaha ba ce, rashin yarda ne tsakanin masu tashoshin, kuma wannan rashin yardar ba zai gushe don an sauya sunan na'ura ba.

Yanayin ƙasa ma yana da tasa maganar. FM idan ya yi nisa yakan raunana a hankali, murya ta haɗu da shuu, amma mutumin da ke bayan dutse a yankin Mandara zai ɗaga eriya, ya karkata akwatin, ya tsinci labarin ko da rabi ne. Dijital ba ya yin haka, ko ya zo cikakke ko ya yanke ɗif. Masu sauraron da ke bakin iyakar inda tasha ke kaiwa, waɗanda su ne suka fi kowa buƙatar rediyo domin ba su da wata kafa, su ne za a fara rasawa, sai dai idan an ƙara ƙananan na'urori masu cike giɓi. DAB yana da kyakkyawar dabara a nan, domin na'urori da yawa suna iya aiki a zango ɗaya ba tare da sun dame juna ba, amma kowace ƙarin na'ura ƙarin ƙarfe ce da ƙarin wuta da ƙarin mai gadi.

Akwai tambayar da ba ta lissafin kuɗi ba ce amma tana komawa kuɗi: wa zai riƙe makullin motar? A yau, idan na'urar wata tasha ta ƙone, ita kaɗai ce za ta yi shiru. A dami, tsawa ɗaya ta faɗa wa ƙarfe a watan Agusta, gari gaba ɗaya ya yi tsit. Haka nan idan mai riƙe da damin ya ga dama ya ƙara haya, ko aka kira shi daga sama aka ce a sauke wane, babu inda wanen zai koma. A ƙasashenmu wanda ya fi kowa dogayen ƙarafa da filaye a kan tuddai shi ne gidan rediyon gwamnati, saboda haka shi ne zai fi saurin zama mai gidan haya, kuma zama ɗan haya a gidan abokin gasa ba abu ne da mai tasha zai shiga da ido rufe ba. Ya kamata kuma a gyara wata fahimta da ta yaɗu, cewa wai akwai wa'adin duniya da zai kashe FM. Yarjejeniyar Janiba ta 2006 ta sa wa'adin 17 ga Yuni 2015 ne domin talabijin, kuma ko shi ƙasashen Afirka da yawa, har da Kamaru da Chadi, ba su cika shi a kan lokaci ba. Yarjejeniyar ta tanadi wuri domin rediyon dijital ga mai so, amma ba ta sa wa FM ranar mutuwa ba.

Idan akwai tsarin dijital da ya dace da faɗin ƙasarmu, to wani tsari dabam ne mai suna DRM, wanda aka ƙaddamar a Janiba a 2003, domin shi yana iya hawa gajeren zango da matsakaicin zango. Dattawa suna tuna lokacin da Rediyon Garwa ke fita a gajeren zango, a mita 60, ana kama shi har a ƙasashen maƙwabta, kuma har gobe akwai gidajen da ba a karya kumallo sai an ji sashen Hausa na BBC, wanda ke watsa shirye-shirye tun 1957. DRM yana ɗaukar wannan doguwar tafiya ta gajeren zango ya cire mata shuu da dusashewa, da wutar da ba ta kai ta tsohon tsari ba, ta yadda na'ura ɗaya za ta iya rufe daga tuddan Adamawa har bakin tafkin Chadi. Indiya ce ta fi kowa nisa a kansa, da na'urori fiye da 30 a matsakaicin zango da miliyoyin motoci masu kama shi, Muryar Najeriya ma tana da na'urorin da ke iya watsa shi a tasharta ta Lugbe kusa da Abuja. Amma irin wannan na'ura aikin gwamnati ce, ba ta tashar unguwa ba, kuma ko a Indiya akwatin hannu mai araha bai cika kasuwa ba, ballantana a kasuwar Marwa.

Intanet kuwa lissafinsa a juye yake. A rediyon iska, ko mutum goma ke saurare ko dubu ɗari, kuɗin tasha ɗaya ne, mai sauraro kuma ba ya biyan komai. A intanet kowane ƙarin kunne ƙarin kaya ne a kan tasha, mai sauraron ma yana biya. Murya mai matsakaicin kyau, ta kilobit 32 a daƙiƙa, tana cin kimanin megabait 14 a awa, wanda ke jin awa huɗu kullum zai ƙone gigabait 1.7 a wata a kan abin da ƙaramar wayarsa ke ba shi kyauta. Ga kuma saurin rufewa: an yanke intanet wata uku a lardunan Arewa maso Yamma da Kudu maso Yamma na Kamaru a 2017, Chadi kuma ta toshe kafofin sada zumunta daga Maris 2018 zuwa Yulin 2019. Duk da haka, a nan ne ƙaramin jari ke da riba a bayyane, domin da kwamfuta ɗaya tasha za ta kai ga 'yan garin da ke Duwala ko Libarbil ko Jidda, ta yanka shirye-shiryenta gutsure gutsure ta saka a WhatsApp da Facebook, kuma waɗannan 'yan ci-ranin su ne masu aiko da kuɗin gaisuwa da sanarwa.

Ba a ce ƙofar DAB a rufe take har abada ba. Kuɗin kafa dami ya faɗi sosai tun da wani injiniyan hukumar sadarwar Ingila, Rashid Mustapha, ya nuna a garin Brighton cewa ana iya haɗa shi da kwamfuta ta yau da kullum da manhajar da ake samu kyauta, abin da ya kai hukumar ga gwajin ƙaramin dami a garuruwa goma daga 2015. Gana ta fara nata gwajin a Agustan 2023 da tashoshi 18 na Akara da Kumasi, kuma dalilinta a fili yake, zangon FM na waɗannan birane ya cika. Duwala da Yawunde suna iya kaiwa wannan matsayi. A yankinmu wuri ɗaya ne ya yi kama da haka, wato Injamena ta Chadi da Kuseri ta Kamaru, birane biyu da kogi kawai ya raba, inda ƙasa take shimfiɗe ba dutse, jama'a suka taru da yawa a wuri ɗaya, kuma tashoshin kowane ɓangare ake jin su a ɗaya ɓangaren. Eriya ɗaya a kan dogon ƙarfe za ta wadatar da duka biyun, kuma akwai tashoshin da za su iya cika kujerun. Amma kafin nan sai hukumomin ƙasashe biyu sun zauna sun amince da zango ɗaya, sun yarda da wanda zai karɓi haya da kuma dokar ƙasar da za ta hau kan abin da aka faɗa a iska, sannan wani ɗan kasuwa ya ga alamar riba har ya cika kwantena da akwatunan da mai shayin bakin gadar Ngeli, wadda ta haɗa biranen biyu, zai iya saya da cinikin kwana biyu.